An koya wa ɗana gini bayan tabki ya ƙafe

Zuwa ga Mai Girma shugaban shirin koya wa matasa sana'ar gini, wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa a ƙasarmu ta Damargu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya haƙuri da mu? Mu nan sai godiya. Gero ya fid da kai, tsuntsaye sun fara zuwa karɓar rabonsu, su dai ba su taɓa makara ba.

Ranka ya daɗe, sunana Idi, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Ollelewa. Ba ka san ni ba, kuma ba ka yi asarar komai ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu, daga nan ni da mushe, malamin ajinmu, muka fahimci juna, muka rabu ba tare da faɗa ba. Faransancin da ya rage mini bai wuce na amsa kira da na neman izinin zagayawa ba. Shi ya sa na rubuto maka da Hausa, da hannuna, albarkacin karatun manya da na shiga bayan furfura ta fito. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, a gidana yanzu ba layin rubutu kaɗai ne ya bar hanya ba.

Tun da wuri bari in kwantar maka da hankali: ba kuɗi na zo nema ba. Abin da kuka ce za ku ba yara kun ba su. Sun ci abinci, sun samu wurin kwana a Tanut, an raba musu kayan aiki. Wanda ya ce an cuce su ta nan, ni zan fara ƙaryata shi. Kukana wani ne daban. Ɗana Lawali yana cikin samarin da kuka ɗauka bara. Yau yana riƙe da takarda mai tambari da ke cewa shi magini ne, katangar gidana tana kwance a ƙasa bai iya tayar da ita ba, kuma ya ce da zarar gero ya shiga rumbu zai hau mota ya yi arewa. Yadda waɗannan abubuwa uku suka haɗu a gida ɗaya, shi nake so in warware maka.

Na ɗaya, yadda na ba ku yaron.

Ka san al'adar samarinmu. In an gama kaka sai su tafi biɗa, wasu Agadas, wasu wurin haƙar zinariya, masu dogon buri su tsallaka har Libiya. Yayan Lawali, Sanusi, ta nan ya bi. Da farko yakan kira, yana ce mana yana lebura a wurin wani babban gini. Daga baya kiran ya riƙa nisa, har ya ɗauke. Shekaru ke nan. Ba mu ji ya mutu ba, ba mu ji yana raye ba. Uwarsu, Hajara, duk ranar kasuwa sai ta ba mai zuwa wayarta a sa mata caji. Ba ta kiran kowa da ita. Tana dai ajiye ta kusa da murhu, in ta yi ƙara ta zabura, mafi yawa kuma kamfanin waya ne ke mata tallar garaɓasa.

To, bara da Lawali ya fara wanke jakarsa yana shanya ta inda zan gani, na san abin da ake nufi. Ana nan sai muka ji sanarwarku a rediyo: gwamnati za ta koya wa samari gini, kyauta, su samu sana'a a gida ba sai sun bi hamada ba. Wallahi ranar sai na ji kamar don ni aka buɗe rediyon. Na lallashe shi da wasa, bai ji ba. Na yi masa faɗa, bai ji ba. Sai da uwarsa ta zauna gabansa ta yi shiru, shirun da ni kaina nake tsoro, sannan ya mayar da jakar ƙarƙashin gado. Ni na ce masa, da bakin nan nawa, in ya yi haƙurin shekara guda zai ci abinci da hannunsa a garinsu. A kan maganarku na yi wannan alkawari. Ni ba ni da wata magana tawa da za ta tsayar da saurayi.

Na biyu, maganar ruwa.

Ka gafarce ni in faɗi abin da ka riga ka sani, amma dole in bi ta kansa. A Damargu ba magini ne ke yanke lokacin gini ba, tabki ne. In damina ta wuce ta bar ruwa a tabkuna da kududdufai, nan ne ake buga tubali, nan ne ake kwaɓa ƙasa, nan ne mai son ɗaki ke kiran magini, don a lokacin ne kuma yake da ɗan abin da ya sayar na amfanin gona. Daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, magini ba ya samun lokacin aski. Amma da zarar tabki ya koma laka, laka ta tsage, an rufe kasuwar gini sai baɗi. A bazara ruwan da ake samu na sha ne. Yarinya za ta kwashe rabin yini da jaki ta dawo da ruwa bido biyu, wato jarka biyu, wa ke da ƙarfin halin ce mata a zuba a ƙasa a kwaɓa? Na san akwai masu hali da ke sayen ruwan tanka su yi ginin siminti ko da wane wata ne. Allah ya ƙara musu. Amma a Tanut da Belbeji ana iya ƙirga su ba tare da an ajiye sanda ba, kuma ba wurinsu aka kai yaranmu ba.

Wannan ba ilimi ba ne da zan yi taƙama da shi. Jakina ma ya san shi, shi ne ma ya fi saninsa.

Na uku, abin da aka yi da watannin ruwa.

Kun buɗe karatu tare da ƴan lakwal, a watan Oktoba. Aka sa yara a aji. Daga kaka har sanyi ya wuce suna zaune a kan benci, ana zana musu bango a allo da alli. Ban raina wannan karatu ba. Lawali ya iya lissafin tubali nawa ɗaki zai ci, ya san sunan kowane ƙarfe da Faransanci, ya san yadda ake karanta zanen gida. Da ya zo hutu ya zana mini gida mai ɗaki huɗu a ƙasa da tsinke, har da inda zan riƙa ajiye mota. Na gode masa, na ce a ƙara wa jakin ɗan wuri.

Ya zo da hular kwano ruwan ɗorawa da riga mai ƙyalli. Ba zan ɓoye maka ba, hular nan ni na fara sa ta. Na je da ita kasuwa, na zauna wurin masu goro, duk wanda ya tambaya na ce masa gidanmu ya shiga gwamnati. Mutane suka fara kiran yaron Injiniya, ni kuma Baban Injiniya, ina amsawa har da gyaran murya.

Abin da Lawali ya faɗa mini daga baya shi ne, ta tagar ajinsu ana hango bakin tabki. Kullum suna kallon mutane na buga tubali, amalanke na ɗauka, magina na wucewa da kayan aiki a kafaɗa. Duk ginin da za a yi a garin a shekarar, ta tagar nan ya wuce su. Su suna ciki suna kwafar hotonsa a littafi.

Na huɗu, sitaj.

Da zafi ya shigo, wajen watan Afirilu, aka ce an gama karatun aji, yanzu sai aikin hannu, abin da kuke kira sitaj. Aka rarraba yara ga magina. Lawali ya faɗa hannun wani dattijo, Malam Ari, mutumin kirki wanda rabin sorayen unguwarsu hannunsa ne. Na je na gaishe shi da goro kamar yadda ake yi in za a ba mutum amanar ɗa. Na same shi a gindin itacen bedi, ya miƙe ƙafa, kayan aikinsa a ɗaure cikin buhu an rataye. Ya karɓi goron, ya yi addu'a, sannan ya dube ni da tausayi, ya ce an kawo masa yara a watan da shi kansa yake zaman jiran Allah.

Bai yi ha'inci ba, ina shaida. Ya samo ragowar tubali ya sa su jera shi busasshe, ba laka, ba siminti. Su tayar da safe, su rushe da yamma, gobe su sake. Amma shi da kansa ya ce mini wannan wasan yara ne, don ginin yana cikin lakar: yadda za ka ji ta a hannu ka san ta yi ko ba ta yi ba, yadda za ka shimfiɗa ta, yadda za ka bar sahu ya sha iska kafin ka ɗora wani. Wannan ba a gwada shi da baki. A duk zamansu aiki ɗaya ya shigo, wani mai shago ya kira a gyara masa dokin ƙofa. Yara shida suka bi Malam Ari, ɗaya ya riƙe ƙofa, biyar suka ba da shawara.

In ka tambaye ni abin da ɗana ya ƙware a kai a sitaj, zan gaya maka gaskiya: shayi. Ranka ya daɗe, yaron nan yana dafa shayin da ko Buzu ya sha sai ya tambayi sunan mahaifinsa. Kumfa har bakin kofi. In da takardar da kuka ba shi ta shayi ce, da ban ɗauki alƙalami ba.

Da hadari ya fara haɗuwa aka tara su, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto da huluna, aka miƙa wa kowa takardarsa. Suka dawo gida daidai shuka.

Na biyar, katanga.

A tsakiyar daminar nan aka yi wani ruwa mai iska, katangar gidana ta gabas ta zauna. Tsohuwa ce, mahaifina ya gina ta, ba na ƙarar kowa a kanta. Da gari ya waye maƙwabta suka zo jaje. Ka san mutanenmu, jajensu ba ya rasa ɗan yaji. Wannan ya ce ai ni ban yi asara ba tunda ina da magini na gwamnati a ɗaka. Wancan ya ce a bari ruwa ya ɗauke a ga aikin Injiniya, ƙila ma bene za a tayar. Ni ma na shiga ciki ina dariya, don in ba a yi da ni ba za a yi a kaina.

Lawali yana tsaye a gefe. Da mutane suka watse ya zagaya ɓaraguzan, ya ɗauki wani guntun tubali ya juya shi a hannu, ya ajiye. Sannan ya faɗa mini, a hankali yadda uwarsa ba za ta ji ba, cewa shi tunda yake bai taɓa ɗora tubali a kan ɗanyar laka ba. Ya san tubali nawa katangar za ta ci. Ya faɗa mini adadin ma. Amma ya ce in ya tayar da ita ta faɗi a kan wani, ko ta karkace gari ya gani, ba zai ƙara iya bin layin nan ba.

Ni mai surutu ne, duk ƙauyen an sani. An ce ko a wurin zaman makoki sai an roƙe ni in yi shiru. Ranar sai na dafa kafaɗarsa kawai, na shige ɗaka.

Tun daga nan ya daina zuwa fadar samari. Hular kwanon tana rataye, kaza ta yi ƙoƙarin yin ƙwai a ciki. In an kira shi Injiniya a hanya sai ya sauya hanya. Sunan da na yi ta yawo da shi a kasuwa ya zama abin da ake jifansa da shi. Makonnin baya na sake ganin jakar nan a kan igiya. Ya ce mini a Libiya ko ba komai ana gini shekara duka, zai fara da lebura, yana ɗauka yana kallo har ya iya. Abin da yayansa ya faɗa ke nan, kusan kalma da kalma. Ka duba wannan lamari: gwamnati ta ciyar da yaro shekara guda don kada ya bi hamada neman sana'a, yanzu zai bi hamada ya koyi sana'ar da takardarsa ta ce ya riga ya iya.

Na shida, na bi ta ƙofa kafin in hau katanga, ko da yake tawa ba ta hawuwa.

Kada ka ce tsohon nan ya tsallake na ƙasa ya zo yana ihu a bainar jama'a. Na je cibiyar da aka koyar da su. Malamin da na samu ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera da ruwa mai sanyi. Na zayyana masa duk abin da na rubuta a nan. Bai musa ko ɗaya ba. Ya ce su ma sun gani, sun kuma faɗa, amma tsarin watannin daga sama yake zuwa, an ɗora shi ne a kan shekarar lakwal, aji tukuna sannan sitaj, haka ake yi ko'ina. Ya ce in ina so a ji, in rubuta. Na tambaye shi saman nan ina ne, ya nuna mini silin. To ni ban san adireshin silin ba, shi ya sa na rubuta a buɗe, duk wanda ya san hanya ya miƙa.

Ban ce wanda ya tsara watannin mugu ba ne. Ina jin mutum ne mai kyakkyawar niyya, yana zaune a biro, wato ofis, inda in ya murɗa famfo ruwa ke zuwa ko a wane wata. A wurinsa Afirilu da Nuwamba duk takarda ce. A wurinmu ɗaya ana gini, ɗaya ana rabon ruwa da kofi.

Kuma ba Lawali kaɗai ba ne. Na haɗu da wani uba daga wajen Tarka a tasha, ɗansa ajinsu ɗaya. Muka gaisa, na ce masa yaya magini, ya ce magini na nan yana kiwon awaki. Muka yi dariya har muka gaji, sannan kowa ya kama kallon ƙasa.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, kuma ba shi da yawa.

Ina roƙo a kira yaran bara a mayar da su hannun maginan nan daga wannan kaka har tabki ya ƙafe. Ba sabon karatu ba, ba sabuwar hula ba, ta bara tana nan in an kori kaza. A bar su su taka laka, su ɓata sahu a rushe musu, su sake. Malam Ari ya ce mini in an dawo masa da su a lokacin aiki yana so, don a watannin nan hannu ma nema yake. Zan iya kai Lawali da kaina ba tare da ku ba, na kuma gwada faɗa masa. Ya ce shi ba zai koma da takardar magini a aljihu ya tsaya a layin masu koyo shi kaɗai gari na kallo ba. Amma in ku kuka kira su duka, ya zama ci gaban karatu ne, ba abin kunya ba. Kunyar saurayi, ka sani, ta fi yunwarsa ƙarfi.

Ina roƙo kuma, don yaran da za ku ɗauka bana, a juya watannin. Hannu a lokacin ruwa, alli a lokacin zafi. Allo ba ya shan ruwa, zai jira har Afirilu ba abin da zai same shi. Kafin a buga tambari a kan tsarin, a tambayi magini ɗaya na Tanut ko na Belbeji wane wata yake aiki. Tambayar ba ta cin mai, ba ta cin takarda.

Na ƙarshe, ina roƙo a yi sauri. Na san gwamnati ba ta gudu, ni ma a shekaruna ba na yi. Amma motocin arewa suna tashi ne a makonnin da ake fara buga tubali. Lawali ya yi mini alkawari ɗaya, don yaro ne mai kunya: ba zai tafi ba sai damin ƙarshe ya shiga rumbu. Saboda haka ni ne manomi na farko a Damargu da ke zagaya gonarsa yana roƙon gero kada ya yi saurin nuna. Na riga na shirya yadda zan yi girbin, a hankali, da ciwon baya, da yawan hutawa. Amma gonar ba ta da girma, ranka ya daɗe, kuma tsuntsaye ba sa cikin shirin. Iya jinkirin da zan iya ke nan.

Katangar na bar ta yadda take. Maƙwabta sun ce a yi mini gayya a tayar da ita in ruwa ya ɗauke, na ce a'a. Akuyar maƙwabcina ta riga ta san hanyar tukunyar Hajara, masu wucewa suna ganin abin da muke ci da abin da ba mu ci ba, duk na haƙura. Na ajiye ta ne don hannun Lawali. In kun amsa, ita ce aikinsa na farko in ya dawo daga wurin Malam Ari, kuma ko ta ɗan karkace zan shimfiɗa tabarma a inuwarta in ce haka ake yayi yanzu. In ba ku amsa ba, kara ba ya wuya bayan girbi, zan kafa danga in rufe gidana. Danga ba ta dame ni ba. Abin da ban san yadda zan kalla ba shi ne wayar nan ta kusa da murhu, ranar da za ta koma jiran mutum biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya sa katangar gidanka ta daɗe a tsaye, ya bar maka ƴaƴanka inda in ka kira za su amsa. In na yi kuskure a magana, ka ɗora wa aji huɗu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Idi, wanda ake kira Baban Injiniya,
daga ƙasar Ollelewa.